Yadda Ake Tono Waƙar da Ba a Taɓa Tura wa Budurwarka Ba

Matso kusa, ɗan nan, ka cire abin nan daga kunnenka mu yi magana. An ce mini samarin yanzu sun daina neman zuciyar budurwa da turare da sabuwar hula. Yanzu waƙa ake farauta: ka tono mawaƙin da duniya ba ta san da zamansa ba, ka tura wa yarinya tun wani bai riga ka ba, ita kuma ta ce lalle kana da kunne. To, ka iso gidan da ya dace. Hanyar da zan ɗora ka a kai an gwada ta a gabana, kuma ta ci. In ka bi ta daki-daki, na ba ka tabbaci babu tantama: za ka samo waƙar, yarinya za ta saurara, sunanka kuma zai shiga bakin mutane tun daga Birnin Kebbi har Argungu.

Wanda ya gwada ta jikana ne, Musaddiƙ, angona na Gwadangaji da ke gefen Birnin Kebbi, ma'aikacin ofis mai tafin hannu kamar na jariri. Yana neman Kausar, ɗiyar Malam Maliki, manomin shinkafa a nan Argungu. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Akwai Jamil, mai shagon tura waƙoƙi a waya a bakin tasha, wanda duk sabuwar waƙa sai ta kwana a kwamfutarsa kafin ta shiga gari. Duk abin da Musaddiƙ ya tura wa Kausar, amsar ɗaya ce: "Ayya, wagga ai Jamil ya turo min ita tun shekaranjiya." Ga shi Malam Maliki ya ce da an gama girbi ta fitar da guda cikin su biyun, don ya gaji da ganin babura biyu a ƙofar gidansa. Ranar da haƙurin Musaddiƙ ya ƙare, ya tambaye ta me take so ya yi. Ta gyara mayafi ta ce, "Kawo min wadda kunnena bai taɓa ji ba, sannan mu yi magana."

Wasa take yi ko da gaske, Allah masani. Shi dai da gaske ya ɗauka. Kai ma haka za ka ɗauka.

Mataki na 1: Raina duk abin da jama'a ke so

Tun ba ka samo komi ba, fara koyon yatsina fuska. In aka sa waƙa a majalisa kowa na kaɗa kai, kai ɗaga gira ka ce, "Har yanzu wannan kuke ji?" In aka ambaci wani mawaƙi, ka ce ai ya fi daɗi lokacin da ba shi da ko takalmi, suna ne ya ɓata shi. Ba dole ne ka taɓa jin sa a wancan lokacin ba. Su ma ba su ji ba, to wa zai ƙaryata ka?

Musaddiƙ ya ƙware a wannan har abokansa suka koma kashe waƙa in sun hango shi. Ya zo gaishe ni, ya iske ina sauraren rediyo, ya ce, "Haba Hajiya, wannan ai kiɗan kowa da kowa ne." Na ce, "Angona, tuwon da ka gama da shi yanzu ma na kowa da kowa ne, ban ga ka rage ba."

Ka riƙe wannan da kyau: mai kunne na gaske ba a kama shi yana jin daɗi.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki

Waya cike da caji. Baƙin tabarau. Takalmi rufaffe mai sheƙi. Sai babban makami, farar shadda da aka yi wa gugar da za ta iya yanka albasa. Masana sun tabbatar cewa mawaƙin ƙauye in ya ga farin kaya, nan take yake gane babban mutum ya zo, sai ya zazzago waƙoƙin da yake ɓoye wa talakawa. Ka tabbata rigar tana da aljihun ƙirji.

Kada ka ɗauki kayan canji. Mai ɗaukar kayan canji bai yarda da kansa ba.

Mataki na 3: Fara da mawaƙan kusa, don ka huta da su

A kowace unguwa akwai yaron da ke rubuta waƙarsa da kansa, ya rera da kansa, ya yaba wa kansa. Je ka same shi.

Musaddiƙ ya samo Mansur, tela da rana, mawaƙi da yamma, a wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada murya ta tsere. Mansur ya ɗauki gurmi, ya rufe ido, ya rera wata doguwar waƙa a kan yarinyar da ta bar shi ta auri mai shagon magani. Muryar da daɗi, gaskiya. Musaddiƙ ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya yi maza ya gyara fuska kada a gani.

"Wa ya taɓa jin wannan?" in ji shi.

"Wallahi babu kowa," in ji Mansur. "Daga ni sai mahaifiyata."

Musaddiƙ ya zaro waya, sai Mansur ya ƙara da cewa:

"Sai kuma Jamil na tashar Argungu. Shi ya ce in ba shi ya taimaka min ya yaɗa ta."

Haka ya yi ta yawo a napep, daga masu kalangu na bayan kasuwa zuwa wasu samari masu fiyano da ke kiɗan biki. Ko'ina ya sa ƙafa, sawun Jamil ya riga shi. Darasin a fili yake: duk mawaƙin da ke da lambar waya, Jamil na da lambarsa. Nemi wanda ba shi da ita.

Mataki na 4: Tambayi masu suyar kifi

Kada ka ɓata datarka wajen bincike. Labarin da bai bi ta gaban kaskon mai suyar kifi ba, bai faru ba. Je bakin gulbi, ka sayi kifi, ka ci a wurin, ka yaba yajin. Sannan ka yi tambaya.

Musaddiƙ ya zauna gaban Laraba, wadda ta shekara da shekaru tana suya a wurin har hayaƙi ya san sunanta. Ya yi mata bayanin abin da yake nema da dogon turanci. Ta juya kifi ta ce, "Ka san Dankure na Gulma?"

"Wane ne haka?"

"Makaɗin noma ne, shi da 'yan amshinai. Ni sau guda nij ji shi, ina budurwa. Har yau in ina wankin kihi waƙar ka zo min baki."

"Akwai shi a waya?"

"Dankure? Ko wayar bai da."

Zuciyar Musaddiƙ ta buga kamar an ce ga takardar ƙarin girma. "To me ya hana a ɗauki muryarsa duk shekarun nan?"

Laraba ta dube shi tun daga tabarau har takalmi, ta tsaya a kan farar shaddar, ta yi murmushi. "Tahi ka gani, ɗana."

In tsohuwa ta kalli kayanka ta yi murmushi, sha'awa suka ba ta. Kada ka ƙara tambaya, ka ɓata sa'arka.

Mataki na 5: Yi alkawari tun ba ka ga komi ba

Wannan gajere ne, amma shi ne ginshiƙi. Kira yarinyar nan take. Musaddiƙ ya kira Kausar ya ce, "Ki share kunnenki. Kafin mako ya fita zan turo miki abin da Jamil bai taɓa mafarkinsa ba." Ta ce, "Allah shi sa." Ya ce ba maganar Allah ya sa ba ce, an gama. Ta ce ya yi istigfari. Ya yi.

Amfanin alkawari shi ne yana toshe hanyar komawa. Za ka gode mini a gaba, ko ka tsine mini, duk ɗaya.

Mataki na 6: In sun tambaye ka, faɗi komi

Ya hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Gulma, ya iske Dankure zaune a ƙofar gida yana ɗaure fatar ganga. Dattijo ne siriri, idanu ƙanana masu wasa. Kusa da shi ƙanensa Riskuwa, babban ɗan amshi, yana ɓare gyaɗa. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka kawo ruwa.

"Baba, na zo in ɗauki waƙarka in nuna wa duniya," in ji Musaddiƙ.

"Duniyar ta aiko ka?"

"A'a, ni na ga ya dace."

"Madalla. To ni dai ban waƙa zaune. Matata ma ba ta taɓa jin na yi waƙa cikin gida ba. Sai na ga maza sun duƙa, lauje na tahiya, sannan taka zo min. Gobe akwai gayya gonar Tamba, yankan shinkahwa. In kana so, ka kwana."

Musaddiƙ ya ji kamar ya tashi ya taka rawa. Mawaƙin da ba ya waƙa sai a gona! Jamil ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai sa ƙafarsa a fadama ba.

Can sai Riskuwa ya ja shi gefe, cikin ladabi, ya fara tambaya. Mi sunanka? Ɗan wa? Jikan wa? Wane aiki kaka yi a Birni? Kowa ya san makaɗa haka suke yi, sai sun tara asalin mutum kafin su sa shi a waƙa. Musaddiƙ ya ga yabo tafe. Ya faɗi sunansa, ya faɗi nawa, ni Ɗayyaba, ya faɗi ofis da kujerarsa mai juyawa. Sannan wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke faɗo wa masoyi: waƙar da ba a taɓa ji ba, kuma da sunan yarinya a ciki! Ya rage murya.

"Akwai wata Kausar, ɗiyar Malam Maliki na Argungu. Don Allah a sa sunanta, a ambace shi da kyau."

"Za a sa," in ji Riskuwa. "Har na ubanta."

Ka ga amfanin sakin baki. Mai ɓoye-ɓoye ba ya shiga tarihi.

Mataki na 7: Karɓi duk abin da aka miƙo maka

Da hantsi fadama ta cika da maza, kowa da laujensa, sun jeru a bakin shinkafar da ta nuna ta sunkuyar da kai. Ka san gayya: yau a taru a yi wa wannan aiki, gobe a yi wa wancan, mai gona ya ciyar. Musaddiƙ ya samu tudu mai kyau, ya gyara tabarau, ya ɗaga waya sama.

Sai ga Tamba mai gona, ƙato mai faɗin kafaɗa, da lauje a hannu, ya miƙo masa ta wajen ƙota.

"Baƙo, nan ba a kallo."

"Ai ni ɗaukar waƙa na zo."

"Ɗauki abinka, ba mu hana ba. Amma wanda duk yaz zo gayya lauje shika riƙewa. Mai tsayuwa shi ka sa hannun mutane sanyi. Ko hakimi yaz zo, sai shi duƙa ko shi wuce."

A nan Musaddiƙ ya gane abin da ya sa ba a taɓa ɗaukar Dankure a waya ba. Hannu biyu Allah ya yi wa mutum: ɗaya na lauje, ɗaya na kama shinkafa. Ya waiwaya hanyar gida, ya tuna alkawarin da ya yi. Ya danna ɗauka, ya zura wayar a aljihun ƙirji, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi lauje. Aka ba shi nasa yankin a gefen da ruwa bai gama janyewa ba, don baƙo a ba shi wuri mai sanyi.

Ganga ta tashi.

Ɗan nan, ni na san wannan kiɗa, ba a kwatanta shi da baki. Yana shiga ta tafin ƙafa ne. Dankure ya fara daga gaba, inda zaratan suke, yana kiran kowa da sunan kakansa, Riskuwa da sauran suna amsawa, maza na ihu suna zubar da shinkafa kamar ana aske kai. Muryar dattijon nan siriri ta cika fadama har tsuntsaye suka tashi. Musaddiƙ ya manta da yatsina. Bakinsa a buɗe, ya ce a ransa, na samu, wallahi na samu.

Matsala ɗaya, sun yi nisa. Shi yana nan inda aka ajiye shi, yana kokawa da kamun farko, yana yi wa shinkafa yankan da ake yi wa nama da wuƙa marar kaifi. Laka ta riƙe takalminsa na dama ta ƙi saki. Ya damu ƙwarai kada sautin ya fito ƙasa-ƙasa.

Mataki na 8: Tsaya a baya, can sauti ya fi fita

Kada ka damu. In ba ka iya bin mawaƙi ba, shi zai biyo ka. Gayya ba ta tashi sai na ƙarshe ya iso, kuma aikin makaɗi ne ya taso na ƙarshen. Na gaba yabo ake yi masa. Na baya kuwa, to.

Musaddiƙ ya ji ganga na matsowa, na matsowa, har ta tsaya daidai ƙeyarsa. Ya yi hamdala. Ya ƙara turo ƙirji don waya ta sha da kyau. Dankure ya gyara murya:

Ga baƙo ya zaka da hwarin kaya,
Musaddiƙu na Birni, jikan Ɗayyaba,
Mai kujera mai juyawa,
Yau ga gona, ita ba ta juyawa.

Musaddiƙ ya yi murmushi. An ambaci kujera. Sai 'yan amshi suka ɗauka gaba ɗaya:

Kausar ɗiyar Maliki, sha hura,
Sha hura ki kwanta, tuwo sai baɗi!

Fadama ta ɗauki dariya. Maza na yanka suna amsawa, "Tuwo sai baɗi!" Murmushin Musaddiƙ ya tsaya a fuskarsa kamar an manta da shi a wurin. Ya ɗago, Dankure ya yi masa alama da gira ya ci gaba da aiki.

Lauje na hannu, shinkahwa na dariya,
Abin da yay yanke, kaza ta raina,
Takalmi guda ya yi hijira,
Matsattsaku sun samu baƙon Birni.

Sai a lokacin ya duba ƙaurinsa ya ga baƙin abin nan ya lafe yana shan jininsa hankali kwance. Ya yi tsalle, ya yi ƙara irin wadda ba a so budurwa ta ji, ya zauna daɓas cikin laka da farar shadda. Riskuwa bai bar ƙarar ta tafi a banza ba, ya mayar da ita cikin amshi, daidai inda ganga ke faɗuwa.

Ya so ya kashe wayar. Hannu duk laka. Ya so ya jefar da lauje ya kama hanya, sai ya hango matan da suka kawo abinci jere a kan tudu suna kallo. Wani abu ya taso masa tun daga ciki, rabi haushi, rabi kuma, abin kunya, kiɗan ne. Ya tashi. Ya damƙi shinkafa kamar wuyan Jamil ya kama. Ya yanka. Ya sake yankawa. Ganga ta bi hannunsa, ko hannunsa ne ya bi ganga, shi ma bai sani ba. Ƙaiƙayi ya cika masa wuya, tafin hannu ya yi ruwa ya fashe, tabarau ya faɗa laka ya bi takalmi.

Sauran sun gama, sun wanke hannu, sun zauna gaban tuwon shinkafa da miyar kifi. Dankure bai bar shi ba. Yana bayansa, baiti na bin baiti, har ya kai gaɓa ya yanke kamun ƙarshe ya zube.

Dattijon ya sauke ganga, ya dafa kafaɗarsa. "Allah shi yi ma albarka, yaro. Na daɗe ban samu na baya irinka ba. Waɗanga duk sun iya aiki, ba su ba ni komi."

Mataki na 9: Kada ka goge

Ya koma gindin bishiya shi kaɗai, ya goge yatsa a ciyawa, ya kunna. Sauti tangaran. Kowace kalma ta fita, sunan Kausar ya fita, na ubanta ya fita, nishinsa ma ya fita yana tafiya daidai da kiɗa kamar da shi aka shirya. Ya saurara har ƙarshe. Abin da ya fi ba shi haushi, bai taɓa jin waƙa mai daɗinta ba.

Ya ɗora yatsa a kan gogewa. Wa zai aika wa budurwa wannan? Gara ya ce mata mawaƙin ba shi da lafiya.

Sai matan nan suka wuce da ƙore a kai, suna tafiya suna rerawa ƙasa-ƙasa, "Sha hura ki kwanta." Ya hau kabu-kabu, mai babur na tuƙi yana busa ta da baki. Ya waiwayo ya ce, "Yallaɓai, ka ji sabuwar Dankure? An ce wani ɗan Birni anka yi wa. Ranar kasuwa sai ta kai Argungu." Sannan ya kalli shaddar, ya kalli ƙafa ɗaya babu takalmi, sai babur ya riƙa rawa a hanya don dariyar da yake dannewa.

Nan lissafi ya fito wa Musaddiƙ sarai. Waƙar Dankure ba ta taɓa buƙatar waya ba, da ƙafarta take tafiya. Ko ya goge, za ta shiga Argungu. Za ta bi ta tasha. Jamil zai ji ta, ya zaunar da wani ya rera masa, ya tura wa Kausar da fuskokin dariya jere. A ƙarshe dai a sake cewa Jamil ya riga shi, a kan waƙar da shi ya biya da jininsa.

Ya ce mai babur ya tsaya inda sabis ke kamawa. Ya rufe ido ya tura. A ƙasa ya rubuta: "Ga ta. Jamil ba shi da ita."

Ba ta amsa ba. Ya zo gidana ya yi wanka, na shafa masa man kaɗe a hannu, na tambaye shi ko shaddar ce aka rina masa kyauta a Gulma. Bai kula ni ba. Yana duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Sai washegari saƙo ya shigo, gajere: "Baba na neman ka."

Mataki na 10: In an kira ka zaure, je

Je da ƙafarka, da takalmin aro in ya kama.

Tun daga ƙofar gida Musaddiƙ ya jiyo matan gidan na daka, taɓarya na faɗuwa daidai kan "tuwo sai baɗi." Kausar ta kawo ruwa zaure, ido a ƙasa, kafaɗu na rawa. Ta ajiye kofi ta ce, "Sannu da aiki, manomi," ta fice da gudu.

Malam Maliki ya shigo ya zauna a kan buzu. Aka gaisa. Ya daɗe yana kallon hannayen da ke naɗe da tsumma.

"Kai ne na cikin waƙa?"

"Ni ne, Baba."

"Wa yat turo ta gidan ga?"

"Ni ne, Baba."

"Da hankalinka?"

Musaddiƙ ya sunkuyar da kai.

"To, ka tsere ko ka ƙare yankinka?"

"Na ƙare, Baba. Bayan an ci abinci."

Malam Maliki ya shafa gemu, ya yi tari irin na mai ɓoye wani abu. "Na tambayi ɗiyata wa tah hidda. Tac ce kai. Nac ce mi ad dalili, ga mai shago da sana'a tai. Tac ce shi wancan waƙar mutane shika turo mata, kai ko taka ta kanka ka turo, da sunanta ciki, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya kai ƙarar kansa da kansa ba. Ni ban gane wannan lissahi ba, amma ita za ta zauna da kai, ba ni ba."

Musaddiƙ ya durƙusa. Ya fara jero godiya, dattijon ya ɗaga hannu.

"Dakata. Ka san al'adarmu. Mai neman ɗiya shina yi wa gidan surukai gayya. Shinkahwata ta nuna, tana can bakin gulbi, wajen da ruwa ke daɗewa. Ka taro abokanka na ofis ran Asabar."

"To, Baba," in ji Musaddiƙ, da muryar da ta fi ta sauro ƙanƙanta.

"Na aika Gulma. Dankure ya ce ko ba a ba shi komi ba shina zuwa, in dai kana nan."

Yanzu haka angona na can bayan gidana yana gwada lauje a kan ciyawar awaki, awakin na kallon sa cikin tausayi. Abokansa na ofis duk wayoyinsu sun lalace a rana ɗaya. Mutum guda ne ya ce lalle zai zo: Jamil, wai zai tsaya a gefe ya ɗauki sabuwar waƙa. Musaddiƙ ya ce masa ya zo da farin kaya.

Sanarwa, don kada a zo mini da ƙorafi

Na cika alkawarina, saura naka. Amma ka ji da kyau, ga shaidu. Ni tsohuwa ce, hira na yi, ban aike ka ko'ina ba. Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya dawo da kumburin hannu, ko ciwon baya, ko yaran unguwa suka riƙa bin sa da amshi har ƙofar ofis, babu ruwana, babu ruwan zuri'ata. Ba na biyan shadda, ba na neman takalmi a fadama, ba na zuwa ba wa makaɗi haƙuri, don ba ya ji. In kuma ka sha duk wannan wahala yarinyar ta saurara, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta auri mai shago, kada ka zo ƙofata da kuka. Ka zo da waƙar, ina so in ji.